Kula da tocila: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa duk lokacin da maganar tocila ta taso, ko daga mai aikin dare ne, ko direba, ko wanda kawai ya ajiye guda ɗaya a durowa saboda ranar da za a ɗauke wuta. Shi ya sa na tara su wuri guda. Na fara da masu sauƙi, can ƙasa kuma akwai na masu son shiga ciki sosai. Abin da na daɗe da lura da shi dai shi ne yawancin tocilolin da ke mutuwa ba aiki ne ke kashe su ba, a ajiye suke mutuwa, babu wanda ya leƙa su.

Wai tocila ma sai an kula da ita? Ba kunnawa da kashewa ba ne kawai?

Eh sai an kula da ita, amma ba wani aiki ne mai yawa ba. Tocila abu huɗu ce a haɗe: batir, makunni, ƙwan da ke ba da haske, sai hanyar da wuta ke bi ta haɗa su, wanda a tocilar ƙarfe jikinta ne da kansa yake zama waya. Duk inda datti ko tsatsa ko danshi ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wannan hanyar, toh haske zai ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya. Kulawar ba ta wuce ka buɗe ta duk bayan wata biyu ko uku ba, ka duba batir, ka goge wuraren da suke taɓa juna, ka kunna ka ga tana ci, ka mayar. Minti biyar ya isa.

Me ya fi kashe tocila?

Batirin da aka manta a ciki. Babu na biyunsa. Batir na alkalain, irin AA da AAA da manyan nan C da D, yana tara iskar haidurojin a cikinsa yayin da yake ƙarewa, idan iskar ta yi yawa sai ta ture hatimin da ke gindinsa, ruwan cikin ya fara tsattsafowa. Ruwan nan mai ci ne, yana cin sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar nan da ke tura batir, yana cin aluminiyam, kuma yana bin waya har ya kai ga makunni.

Ina da wata doguwar tocila ta ƙarfe mai cin manyan batura uku, na shekara da shekaru da ita ba ta taɓa ba ni kunya ba, na zo na ajiye ta a bayan kabad wajen wata goma ban taɓa ta ba. Ranar da na neme ta murfin gindin ya ƙi murɗuwa sai da na naɗa tsumma na sa ƙarfi, yana buɗewa farin gari ya zubo min a tafin hannu, sifirin ɗin da na sani yana ƙyalli ya koma kore-kore ya rube, ina taɓa shi ya karye biyu. Batir na farko ya fito da ƙyar, sauran biyun sun kumbura sun manne da jikinta kamar an yi musu walda. Wallahi abin ya dame ni, don babu abin da ya sami ƙwanta ko gilashinta, lafiyarsu lau, batura uku ne kawai da ban cire ba suka gama da ita.

Kenan in dinga cire batir duk lokacin da ba na amfani da ita?

Idan kullum ko duk sati kana kunna ta, bar shi a ciki. Idan za ta yi wata guda ko fiye a ajiye, cire. Matsalar da mutane ke kawowa ita ce ai tocilar gaggawa ce, in wuta ta ɗauke wa zai tsaya laluben batir cikin duhu, kuma gaskiyarsu ne. Mafita biyu ce: ko ka sa baturan a 'yar leda ka ɗaure su da roba a jikin tocilar yadda hannunka zai same su tare, ko kuma ka canza nau'in batirin zuwa wanda ba ya zubar da ruwa, duba tambayar wane batir ya fi a ƙasa.

Na buɗe na ga farin gari a ciki, yaya zan wanke shi?

Farko kar ka taɓa da hannu tsirara, sa safar hannu ko ka rufe hannunka da leda, kuma kar ka hura da baki don garin na iya shiga ido. In ya taɓa fata ka wanke da ruwa mai yawa nan take, in ido ne ka yi ta zuba ruwa mai tsabta na mintoci sannan ka je a duba ka.

Cire baturan ka karkaɗe abin da zai fita. Idan batirin alkalain ne ya zuba, abin da ke kashe kaifinsa shi ne abu mai tsami, wato binega ko ruwan lemun tsami. Ka jiƙa tsinken auduga, irin na goge kunne, ka dinga dangwalawa a wurin, za ka ga yana 'yar kumfa, alamar yana aiki kenan. Ka bi da tsohon buroshin haƙori, ka goge da auduga mai ɗan ruwa, sannan ka bi da sifirit don ya kwashe danshi, ka bar ta a buɗe ta kwana ta bushe sarai. Kar ka tsiyaya binegar a ciki, dangwale ake yi, in ta gangara ta kai ga allon wutar da ke kan tocilar ka ƙara wata matsalar. Idan kuwa batirin tsohon yayi ne mai zinki da kabon, irin marasa nauyin nan, shi ruwansa ɓangaren tsami yake, saboda haka bekin soda da aka dama da ɗan ruwa ake sa masa maimakon binega. Ka karanta jikin batirin kafin ka fara.

Bayan ta bushe ka duba sifirin da ƙarfen da kan batir ke taɓawa. In sun yi duhu ka goga su da samfefa mai laushi kaɗan-kaɗan har ƙarfe ya fito. Sifirin da ya rube ba ya gyaruwa, sai dai a cire na wata matacciyar tocila a sa.

Batir ya kumbura ya maƙale, ya ƙi fita. Akwai dabara?

Akwai, amma ba kullum ake nasara ba. In kan tocilar yana kwancewa, cire kai da gindi duka ka sami sanda mai kaurin da zai shiga ka tura daga ɗaya ɓangaren, kana bugawa a hankali. In ba ya kwancewa, ɗiga binega kaɗan a gefen batirin ka jingine ta bakin yana kallon ƙasa-ƙasa yadda ba za ta gangara wajen ƙwan ba, ka ba ta awanni, sannan ka bubbuga bakin a kan katako. Wasu suna huda gindin batirin su murɗa dogon sukuru su ja da filaya, yana yi a kan alkalain in an kare ido da hannu. Amma kar ka kuskura ka huda ko ka bugi batirin litiyam, wannan wuta yake kamawa.

Zan iya haɗa tsohon batir da sabo, ko na kamfani biyu?

A'a. A cikin tocila batura a jere suke, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Idan ɗaya ya riga sauran ƙarewa, masu ƙarfin za su ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baya, wannan kuwa shi ne hanya mafi sauri ta sa batir ya zubar da ruwa ko ya yi zafi. In za ka canza ka canza duka lokaci guda, iri ɗaya, daga fakiti ɗaya. Haka kar a haɗa mai caji da marar caji.

Wane batir ya fi dacewa da tocila?

Ya danganta da yadda kake amfani da ita. Ga tocila mai cin AA ko AAA da ake kunnawa kullum, ni dai ban ga kamar masu cajin nan na NiMH ba, musamman irin waɗanda ba sa zubar da caji in an ajiye su, wanda kamfanin Sanyo ya fito da su da sunan Eneloop a 2005, yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsu. Volt 1.2 aka rubuta a jikinsu maimakon 1.5 na alkalain, kar wannan ya tsorata ka, alkalain daga 1.5 yake farawa ya yi ta gangarowa, shi kuwa NiMH yana tsayawa a wajen 1.2 kusan har ƙarshe, kuma da wuya ƙwarai ka ga ya zubar da ruwa.

Ga tocilar da za a ajiye don gaggawa, ko ta cikin mota, akwai AA na litiyam marasa caji, suna daɗewa a ajiye shekaru, suna jure zafi da sanyi fiye da alkalain. Kar dai a sa su a caja. Alkalain kuma ba laifi gare shi ba in za a cinye shi cikin makonni, zama ne ba ya so. Mai zinki da kabon shi ne na ƙarshe a wurina, ƙarfinsa kaɗan ne, tocila mai haske sosai tana shanye shi nan da nan. Da irinsa tocila ta fara a wajen 1899, lokacin ma ba ya iya riƙe haske na dogon lokaci sai an kashe an bar shi ya huta.

Sai na bubbuga ta take kamawa, ko hasken ya dinga rawa. Mene ne?

Wani wuri ne ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe da kyau, kuma bugun da kake yi ƙara lalata ta yake. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Goge kan batir da gindinsa da busasshen tsumma. Goge sifirin da ƙarfen da ke cikin kai da tsinken auduga mai sifirit, in akwai baƙi-baƙi kilinar fensir tana fitar da shi tsaf ba tare da ta kankare rufin ƙarfen ba. A tocilar aluminiyam ka duba bakin bututun, zagayen nan da ba a yi wa fenti ba inda murfi ke zama, ta nan wuta ke wucewa, mutane da yawa ba su san haka ba sai giris da ƙura su taru a wurin. In sifirin ya kwanta batir yana girgiza a ciki, ɗan ja shi kaɗan ya miƙe.

Sai abin da ya fi ɓoyewa: a cikin murfin gindi akwai wani zobe mai 'yan ramuka biyu da ke riƙe makunni, yana saki a hankali saboda yawan buɗewa da rufewa. Sa bakin siririyar filaya a ramukan ka ɗaure shi. A wasu tocilolin ta hagu yake ɗauruwa, saboda haka in ka ji yana ƙara saki ka juya ɗaya hannun.

Na sa sabon batir amma ko ƙyas ba ta yi ba. Ta mutu kenan?

Kar ka yi saurin yar da ita. Duba ko ka juya batir, yana faruwa da kowa musamman a masu 'yar kwandon nan da ke ɗaukar AAA uku, ɗaya yana kallon sama ɗaya ƙasa. Duba ko sabon batirin sabo ne da gaske, in kana da mitar auna wuta alkalain mai rai zai nuna 1.5 ko sama kaɗan, in ya sauka kusa da 1.0 ya gama. Ka yi gogen da na faɗa a tambayar da ta gabata.

In duk ka yi shiru ne, ga gwajin da zai raba gardama a tocilar ƙarfe mai makunni a gindi: cire murfin, ka sami guntun waya ko sukundireba ka haɗa gindin batirin da bakin bututun inda babu fenti. In ta kawo haske, makunni ne ko zoben da ke riƙe shi, kuma ana canza su. In ba ta kawo ba matsalar tana kai, wataƙila waya ce ta cire, mai gyaran kayan wuta zai liƙe ta da dalma cikin minti kaɗan. Wasu tocilolin kuma suna da kulle a makunni, in an danna sau da yawa a jere sai su kulle kansu, duba takardarta kafin ka kwance komai.

Yaya ake goge gilashi da madubin da ke zagaye da ƙwan?

Gilashi: hure ƙurar tukuna, sannan ka goge da tsumma mai laushi irin na tabarau. In na roba ne kar ka sa masa fetur ko tina ko wani abu mai ƙarfi, zai yi hazo har abada, ruwa da ɗigon sabulu ya isa. Madubin ciki kuwa, kar ka taɓa shi sam, ko da auduga. Rufin da ke sa shi ƙyalli siriri ne ƙwarai, shafa ɗaya yake barin zane, in ka ƙara gogewa don ka gyara sai ya ƙara dusashewa. In ƙura ta shiga, 'yar robar hura iska ta masu kamara ita ce maganinta, in babu ka bar ƙurar, ba ta rage hasken da ido zai gane.

Zoben robar nan da ke wajen murfi, mene ne amfaninsa, kuma wane mai ake sa masa?

Shi ke hana ruwa da ƙura shiga. In ya bushe yana tsagewa, ko ya naɗe ya tsinke lokacin da kake murɗa murfi, daga nan tocilar da aka ce ba ta shan ruwa ta fara sha. Sau biyu a shekara, ko duk lokacin da ka ji murfi yana ƙara kamar akwai yashi, ka zare zoben da tsinken sakace ba da wuƙa ko allura ba, ka goge shi, ka goge tiredin, wato zaren ƙarfen da murfi ke murɗuwa a kai, da tsumma har baƙin dattin ya daina fitowa, sannan ka shafa giris na silikon ɗan kaɗan, daidai yadda zai yi sheƙi kawai. Da yawa ba shi ne kyau ba, ƙura yake tarawa, kuma in ya hau bakin bututun sai ka koma matsalar rawar haske da muka yi magana a sama.

Man shafawa irin su basilin da man inji da feshin WD-40 duk daga fetur aka samo su, suna kumbura wasu nau'in roba su lalata su, kuma kai ba ka san wace roba ce a taka ba, gara ka kauce musu. Yawancin tociloli masu kyau suna zuwa da zobe ɗaya ko biyu na canji a kwalinsu, kar ka yar da su.

An rubuta ba ta shan ruwa. Zan iya nutsa ta? In kuma ta faɗa ruwa fa?

Nemi lambar da ta fara da IPX. IPX4 na nufin tana jure fantsama da yayyafi kawai. IPX7 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30. IPX8 ta wuce haka, gwargwadon zurfin da kamfanin ya faɗa. In babu lamba sam, ɗauka ba ta jure komai. Kuma ko mai lambar, da sabon zobe da murfi a ɗaure aka gwada ta, in 'yar robar da ke rufe ramin caji a buɗe take ko ta cire toh lambar ba ta da amfani.

In ruwa ya shiga, kar ka kunna don ka ga ko tana yi. Cire batir nan take, kwance duk abin da ke kwancewa, karkaɗe, ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu ko uku. 'Yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabbin kaya suna taimakawa in ka rufe su tare a mazubi. In ruwan gishiri ne ko na kwata, sai ka fara ɗauraye sassan da ruwa mai tsabta kafin shanya, don gishirin da ya bushe a ciki zai ci gaba da cin ƙarfe. Hazo a bayan gilashi alama ce akwai sauran danshi, a ƙara mata lokaci.

Tawa mai caji ce. In bari ta mutu gaba ɗaya kafin in sa caji?

A'a, wannan shawarar ta tsofaffin batura ce, ba ta dace da na yanzu ba. Amma ka fara sanin wane batir ne a cikin taka, don iri biyu ne suka fi yawa kuma abin da suke so ya saɓa.

Na litiyam, wanda ake cajinsa da wayar USB, a volt 4.2 yake cika, kuma in ya sauka ƙasa da 2.5 ya fara lalacewa. Ba ya son a tsotse shi tas, ba ya son kuma ya zauna a cike cikin zafi na watanni. Da ka ga haske ya fara sauka ka sa caji, da ya cika ka cire. In ajiyewa za ka yi na dogon lokaci, bar shi wajen rabi, ka ɗan ƙara masa duk wata uku zuwa shida. Kar a yi cajinsa a kan katifa ko ƙarƙashin filo, ko cikin rana, ko a wuri mai sanyin ƙanƙara, kuma in so samu ne kar a bar shi a caji a tafi barci.

Na biyu shi ne batirin dalma, ɗan ƙaramin ɗan'uwan batirin mota, mai volt 4 ko 6, wanda ke cikin yawancin tocilolin roba masu nauyi da ake sokawa kai tsaye a soket. Shi akasin haka ne, a cike yake son zama. In ka bari ya mutu ka ajiye shi haka na makonni, wani farin abu yana daskarewa a farantan cikinsa, daga nan ko ka kwana kana caji minti goma zai ba ka. Wannan ne dalilin da irin waɗannan tocilolin suke saurin mutuwa a hannun mutane. Ka yi masa caji duk bayan amfani, ko ba ka taɓa shi ba ka sa shi sau ɗaya a wata, amma kar ka wuce awannin da aka rubuta a jikinta, don da yawansu ba su da abin da ke yanke caji in ya cika.

Na sa ta a caji ba ta ɗauka, alhali cajar tana yi a waya.

Leƙa ramin da haske, sau tari audugar aljihu ce ta cushe, tsinken sakace zai fito da ita. Canza wayar cajin. Wani abu kuma da ke rikita mutane: wasu tociloli masu ramin USB-C ba sa karɓar caji daga wayar da bakinta biyu duka C ne, sai wadda ɗaya bakin babba ne na da, saboda an tsallake wasu 'yan sassa wajen ƙera su. Gwada wannan kafin ka yanke hukuncin ta lalace.

Na cika ta na ajiye, bayan wata biyu na tarar babu caji. Ina ya tafi?

Tocilar da makunninta na lantarki ne, irin maɓallin gefe mai taushi da ba ya ƙara sosai, ba ta mutuwa gaba ɗaya in ka kashe, akwai ɗan sashe da ke farke yana jiran ka danna, yana shan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. Maganin shi ne ka sassauta murfin gindi kwatan zagaye, wutar ta yanke. Wannan yana hana ta kunna kanta a jaka ma. Yana aiki ne in tiredin yana da rufin nan mai launi, in farin ƙarfe ne tsirara ba zai yanke ba sai dai ka cire batirin. In ka yi haka kuma har yanzu caji yana gudu, batirin ne ya tsufa, duba tambayar ƙarshe.

Tana zafi sosai, kuma bayan minti kaɗan hasken yana raguwa da kansa. Lalacewa ce?

Yawanci ba lalacewa ba ce. Ƙwan LED mai ƙarfi yana fitar da zafi ta bayansa, jikin ƙarfen ne ke kwashewa, saboda haka ɗumin da kake ji alamar zafin yana fita ne. Tociloli masu kyau suna rage haske da kansu don kare ƙwan. Matakin haske na ƙarshe, wato mafi ƙarfi, na ɗan lokaci aka yi shi, na tsakiya shi ne na aiki, kuma zai ninka maka daɗewar batir sau da yawa. Kar ka kifa ta a kunne a kan tebur ko ka bar ta a kunne cikin aljihu, masu ƙarfin suna ƙona yadi. Zafin da ya kamata ya tsorata ka shi ne wanda ke fitowa daga wajen batir, ko lokacin da take a kashe, ko mai zuwa da wari. In ka ji haka ka fitar da ita waje ka ajiye a kan siminti nesa da kaya.

Zan sayi batirin 18650 na canji, me zan duba?

Batirin litiyam ne mai caji, lambar kuma sunan girmansa ne, kauri milimita 18, tsawo 65. Na gaskiya ba sa wuce wajen 3500 zuwa 4000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, duk wanda ka ga an rubuta 6000 ko 9900 a wannan girman ƙarya ce, kuma wanda ya yi ƙarya a lamba ba za ka amince masa a abin da ke ciki ba. Akwai masu ɗan allon kariya a gindi da ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa, sun ɗan fi tsawo, akwai masu kai a shafe da masu ɗan tudu, ka duba irin wanda taka ke ɗauka. Ledar da ke jikinsa ba ado ba ce, duk jikin batirin waya ce, in ledar ta yage kar ka sa shi sai an sake masa wata. Kar ka taɓa jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai ko tsabar ƙarfe, a 'yar akwatin roba ake ɗaukarsa.

Ka kula da 14500 ma. Girmansa ɗaya da AA sak, amma volt 3.7 ne, in ka sa shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba zai ƙona ta nan take.

Ƙwan LED yana ƙonewa? Ana canza shi?

Da wuya ya ƙone farat ɗaya irin na da. Kamfanoni sukan rubuta awa 50,000, kuma ko a nan dusashewa yake a hankali. Abin da ke gajarta masa rai zafi ne da wutar da ta fi ƙarfinsa, in ka ga haskensa ya koma shuɗi-shuɗi ko ɗigon baƙi a kan rawayan nan da ke saman ƙwan to ya ƙonu. Liƙe yake da dalma, sai mai gyara. Tsohuwar tocila mai ƙwan gilashi kuwa da hannu ake canzawa, ka dai duba volt ɗin ya yi daidai da yawan baturanta, ka kama sabon da tsumma don maiƙon yatsa yana rage wa irin masu iskar halojin a ciki kwana. Akwai ƙwan LED da aka yi daidai mazaunin tsofaffin, in kana da tsohuwa mai ƙwari da kake ƙauna wannan zai ƙara mata haske ya kuma rage cin batir.

A ina ya fi kyau a ajiye ta, kuma yaya ake tafiya da ita?

Wuri busasshe marar zafi, kuma wuri ɗaya kullum da kowa a gida ya sani yadda za a lalubo ta ido rufe. Gaban mota inda rana ke duka shi ne mafi muni. A jirgin sama baturan litiyam na canji a jakar hannu ake sa su, ba a cikin kayan da za a loda a ƙasa ba, kowanne a rufe. 'Yan ƙananan tocilolin jikin makulli masu batir kamar maɓalli a nisanta su da yara, haɗiye irin wannan batirin yana ƙona maƙogwaro cikin awanni kaɗan, asibiti ake tafiya nan take ba jira.

Yaushe zan haƙura da batir, kuma ina zan kai shi?

Mai caji in ya kumbura, ko ya lotsa, ko ya yi tsatsa a kai, ko yana zafi sosai a caja, ko yana cika cikin minti kaɗan ya ƙare cikin minti kaɗan, ya gama aiki. Na litiyam da ya daɗe a ƙasa da volt 2 kar ka yi ƙoƙarin tayar da shi ko da wani ya ce yana da dabara. Liƙe kansa da gindinsa da baƙin tef, ka ajiye shi daban a mazubin da ba na ƙarfe ba har ka kai inda ake karɓar tsofaffin batura. Kar a jefa kowane irin batir a wuta, kar a fasa shi, na dalma kuma guba ne a ƙasa da ruwa, masu sake narkar da batirin mota suna karɓarsa. Kafin ka yar da tocilar da batirinta na ciki ya mutu, kwance sukurorin ka leƙa, sau da yawa 18650 ne guda ɗaya a ciki da waya biyu, ja da baƙa, mai gyara zai sa maka sabo mai volt iri ɗaya ta ci gaba da aiki.